Awon radiyeshin a ƙasa da laka: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk shekara idan lokacin firojet ya kama, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ɗaliban fiziks da na jiyoloji, wani lokacin ma har da waɗanda ba ɗalibai ba, kamar mai gona a kusa da tsohon ramin kuza ko wanda zai sayi yashin gini yana ɗar-ɗar. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da na lura da shi a aikin nan shi ne yawancin sakamakon da ya lalace ba injin ne ya ɓata shi ba, tun a daji aka ɓata shi ko a kan teburin shirya samfur, kuma za ku ga a nan na fi daɗewa.

Wai dama akwai radiyeshin a ƙasar da muke takawa?

Akwai mana, kuma tun asali haka Allah Ya halicce ta. Radiyeshin shi ne makamashin da wasu sinadarai ke fitarwa idan ƙwayoyinsu suna rushewa. Kowace ƙasa ka ɗiba za ka samu yuraniyom U-238 da toriyom Th-232 da fotashiyam K-40, ɗan kaɗan ko da ɗan yawa gwargwadon dutsen da ƙasar ta fito daga gare shi. U-238 sai ya yi shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ƙare, Th-232 kuma biliyan 14, shi ya sa har yau suna nan. Yuraniyom da toriyom idan suna rushewa suna haifar da ’ya’ya da jikoki, irin su radiyom Ra-226 da iskar radon da sauransu, har a tsaya a kan dalmar da ba ta fitar da komai.

Ma’aunin da ake amfani da shi sunansa bekerel, ana rubuta shi Bq, wato rushewa ɗaya a cikin sakan ɗaya, a ƙasa kuma ana cewa Bq a kowane kilo. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UNSCEAR a rahotonsa na shekarar 2000 ya ba da tsaka-tsakin duniya kamar haka: Ra-226 wajen 35, Th-232 wajen 30, K-40 wajen 400 Bq/kg. Kai kanka da kake karanta wannan akwai K-40 wajen Bq 4000 a jikinka, don haka jin kalmar radiyeshin kaɗai bai isa ya tayar maka da hankali ba, yawan ne abin dubawa.

Ba zan iya ɗaukar ƙaramar mitar nan mai ƙara in je in auna a wurin ba?

Za ka iya, kuma tana da amfani sosai wajen gano inda ya fi zafi kafin ka ɗebi samfur. Amma ita kawai ce maka za ta yi akwai, kuma ga kusan yawansa a iskar wurin, ba za ta ce maka toriyom ne ko radiyom ne ko sisiyom ba. Don sanin wane ne kuma nawa ne a kilo sai an kai ƙasar ɗakin gwaji.

Yaya ake ɗibar samfur ɗin ƙasa?

Kafin ka fita ka san tambayar da kake son amsawa. Idan abin da mutane ke sha a saman ƙasa kake nema, to saman ne za ka ɗiba, galibi daga sama zuwa santimita 5 ko 10, ga manomi kuma zurfin da garma ke kaiwa. Ka share ganye da ciyawa da duwatsu, ka ɗiba a wuri huɗu ko biyar a cikin ɗan fili ɗaya ka cakuɗa su zama samfur guda, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa tunda bushewa da tankaɗe za su rage shi. Leda biyu, lamba a jiki da maka wadda ruwa ba ya gogewa, sannan lambar GPS da kwanan wata a littafi, ba a cikin kai ba. Shebur ko magirbin da ka yi aiki da shi ka goge shi tas kafin wuri na gaba.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne samfur na kwatance. Ka je ramin ma’adinai ka ɗebo guda ashirin duk daga bakin rami, ka dawo kana cewa haƙar ce ta ɗaga lambobin, to da me ka kwatanta? Yankin Jos alal misali dutsensa na giranait ne da dama can yana da toriyom da yuraniyom fiye da wasu wurare, ko babu wanda ya taɓa haƙar kuza a wajen. Dole ka ɗebo wasu daga nesa, ƙasa iri ɗaya amma wadda aikin bai taɓa ba.

Laka fa, ta ƙasan kogi ko dam, ɗaya suke da ƙasa?

A injin kusan ɗaya ne, a ɗiba ne suka bambanta. Idan ta sama kawai kake so akwai wani abin damƙa na ƙarfe da ake saukewa da igiya daga kwale-kwale ya cafko. Idan kuma tarihin lakar kake nema sai a kafa bututu a tsaye a zaro ta yadda take jere hawa-hawa, a riƙe shi a tsaye kar ya kwanta, a yanka ta santimita ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, kowane yanki a auna shi jiƙe a sake auna shi bushe. Ka kuma lura laka mai laushi ta fi riƙe waɗannan sinadarai fiye da yashi mai tsakuwa, saboda haka idan wurare biyu suka bambanta ka fara duba ko ba laushin ne ya bambanta ba. Yadda ake gane shekarun laka yana can ƙasa a tambayar Pb-210 (wani nau’in dalma mai radiyeshin) da sisiyom Cs-137.

In na kawo shi lab me ake fara yi?

Shanya shi ake yi a inuwa a kan tire mai tsabta, ba a bakin titi ba inda ƙurar hunturu za ta ƙara masa abin da ba nasa ba, daga nan a sa a oban a kan digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa. Sai a daka a turmin tangaran, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a juya sosai ya haɗu. A zuba a roba, a auna nauyi a sikeli mai kyau a rubuta. Akwai wata roba ta musamman da ake kira Marinelli, gindinta a lotse yake ta yadda take zama a kan ditekta, wato idon injin da ke kama radiyeshin, kamar hula, samfur ya kewaye shi ta ko’ina, tana ba da ƙirga mai yawa idan kana da isasshiyar ƙasa. In babu, robar da ta yi daidai da faɗin ditektan ta wadatar, muddin irinta aka yi amfani da ita wajen saita injin (duba tambayar saiti).

Me ya sa ake cewa sai na rufe robar na jira wata guda? Ba ni da lokaci wallahi.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsar ba ta canzawa: sai ka jira. Dalili kuwa, Ra-226 kansa yana da wuyar gani kai tsaye, hasken gamma (radiyeshin mai ratsa abubuwa wanda injin ke ƙirgawa) da yake fitarwa a 186 keV, keV kuwa ma’aunin ƙarfin hasken ne, mai rauni ne kuma yana cakuɗe da na U-235 da ke kusan wuri ɗaya. Don haka jikokinsa ake aunawa, Pb-214 da Bi-214, a ce yawansu shi ne yawansa. To amma tsakanin radiyom da jikokin nan akwai radon Rn-222, shi kuma iska ne, da ka daka ƙasa ka shanya wani kaso nasa ya gudu. Idan ka rufe roba gam, radon zai fara taruwa kuma, rabin abin da ya ɓata yana dawowa cikin kwana 3.8, a mako biyu an samu kashi 92 cikin ɗari, a kwana 27 kuma an haura kashi 99. Daga nan aka samo kwana 28 zuwa 30 da kowa ke faɗa.

Kuma rufewar ba wai ka murɗa murfi kawai ba ne. A cika robar sosai kar a bar sarari a sama inda radon zai je ya taru, a shafa basilin a bakin murfin, a narka kakin kyandir a bi gefen da shi, a naɗe da salatif, a rubuta ranar rufewa a jiki. Na taɓa ganin wata ɗaliba da ta jera robobinta talatin a kan kanta, an rufe su tsaf, ana saura mako ɗaya ta ga kamar ɗaya bai cika ba sai ta buɗe ta ƙara ƙasa, daga nan ta bi sauran tana dubawa ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar. Da ta faɗa min hawaye ne suka cika idonta, ni ma abin ya taɓa ni don na san kuɗin mota da wahalar da ta sha kafin ta tara su, amma ba yadda za a yi, lissafin kwana ya koma farko. K-40 shi ba ruwansa da jira, ko yau ka zuba za ka iya auna shi.

NaI da HPGe, wanne ya fi?

Duka biyun gamma suke ƙirgawa su jera shi gwargwadon ƙarfinsa, sai ka ga zane a kwamfuta mai tsini-tsini, kowane tsini alamar wani sinadari ne. NaI wani ƙirist ne da ke ƙyalli idan gamma ya buge shi, yana da araha, ba ya buƙatar sanyi, kuma shi ne aka fi samu a jami’o’inmu. Matsalarsa idonsa ba ya rarrabewa sosai, tsininsa faɗi gare shi kamar tudu, a 662 keV faɗin yakan kai kashi 7 cikin ɗari, saboda haka da shi ana dogara ne da layuka uku da suke nesa da juna: 1460 keV na K-40, 1764 keV na Bi-214 a madadin radiyom, da 2614 keV na Tl-208 a madadin toriyom. Zafin ɗaki ma yana sa tsininsa ya gusa, in babu AC ka riƙa duba saitin kullum.

HPGe kuwa jamaniyom ne tsantsa, tsininsa siriri kamar allura, faɗinsa wajen 2 keV kacal a 1332 keV, don haka za ka ga 295 da 352 na Pb-214, 609 na Bi-214, 911 na Ac-228, 583 na Tl-208, 239 na Pb-212, kowa a gidansa. Sai dai ba ya aiki sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko da na’urar sanyi mai lantarki, kuma kun san halin wuta da tsadar naitirojin a wajenmu. In ya ɗumama a tsakiyar aiki sai an bar shi ya gama ɗumama gaba ɗaya sannan a sake sanyaya shi, kwanaki sun tafi ke nan. A ganina idan K da Ra da Th kawai kake nema a ƙasa ta yau da kullum, NaI da aka saita da kyau ya fi HPGe da aka yi wa saitin ganganci. Amma Cs-137 ɗan kaɗan ko Pb-210 a laka, kar ma ka ɓata lokaci, HPGe za ka nema.

Mene ne saiti, kuma me ya sa malamai ke matsawa a kansa?

Saiti iri biyu ne. Na farko shi ne koya wa injin cewa wannan wuri a zanen shi ne ƙarfi kaza, ana yi da ƙananan majiyoyi da aka san su, Cs-137 mai 662 keV da Co-60 mai 1173 da 1332. Na biyu shi ne sanin cikin gamma ɗari da samfur ya fitar nawa injin ke kamawa, a nan ne ake amfani da garin da aka riga aka san yawan abin da ke cikinsa, kamar RGU-1 da RGTh-1 da RGK-1 na hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA da ke Biyana. Sharaɗin shi ne garin saitin da samfur ɗinka su zauna a roba iri ɗaya, tsayi ɗaya, wuri ɗaya a kan ditekta, nauyinsu ma kar ya yi nisa da juna. Ka saita da roba cike ka auna rabin roba, lambar da za ta fito kyakkyawa ce a ido amma ƙarya ce.

Sai kuma karatun ɗaki. Bango da siminti da iskar ɗakin duk suna fitar da nasu gamma, shi ya sa ake ajiye ditekta cikin gidan dalma mai kauri, sau da yawa santimita 10, da shafin jan ƙarfe a ciki. Duk da haka wani abu yana shiga, don haka ake ƙirga roba babu komai na tsawon lokacin da za a ƙirga samfur ko fiye, a cire shi daga sakamako. Samfur ɗaya yakan ɗauki awa 8 zuwa 10, wanda ke da ɗan abu kaɗan har kwana guda cur. Duk lambar da za ka rubuta ta zo da ± ɗinta, wato iyakar kuskuren awo, wanda kuma ya gaza mafi ƙanƙantar abin da injin ke iya gani ka rubuta cewa yana ƙasa da wannan iyaka, kar ka sa masa sifili.

To lambar Ra-226 da na samu ita ce ta yuraniyom?

Ba lallai ba, kuma wannan kuskuren ya cika takardun firojet. A dutsen da ba abin da ya taɓa shi tsawon zamani za su iya zama daidai, amma a ƙasa da laka ruwa yana wanke yuraniyom ya bar radiyom ko akasin haka. Misali mafi bayyana shi ne tarin sharar da ke Arlit da Akokan a Nijar, inda aka yi shekaru ana tace yuraniyom: an cire yawancin yuraniyom ɗin an tafi da shi, amma Ra-226 yana nan a cikin sharar, kuma shi sai shekara 1600 kafin rabinsa ya ƙare. Idan daga Bi-214 da Pb-214 ka yi lissafi, rubuta Ra-226. In U-238 kake so da gaske, sai layin Th-234 a 63 keV ko na Pa-234m a 1001 keV a kan HPGe, ko ka bi hanyoyin da ke tambaya ta gaba.

Akwai abin da gamma ba ya iya gani?

Akwai da yawa. Foloniyom Po-210 da fulutoniyom wani nau’in radiyeshin mai suna alfa suke fitarwa, alfa kuwa ko takarda tana tare shi, ba zai ma fita daga ƙwayar ƙasa ba balle roba. Sai an narkar da gram kaɗan a asid mai ƙarfi, a zuba wani sanannen adadi na ɗan’uwansa, kamar Po-209 ko Pu-242 ko U-232, don a san nawa ya salwanta a hanya, a ware sinadarin da ake nema, a shimfiɗa shi siriri a kan faifan ƙarfe, foloniyom shi a kan faifan azurfa yake mannewa da kansa, sannan a ƙirga a akwatin da aka zuƙe iskarsa. Sr-90 kuma wani nau’in da ake kira beta kawai yake bayarwa, shi ma sai an ware shi a ƙirga shi cikin wani ruwa mai ƙyalli. Aiki ne na mai kemistiri, ba na fara-yau ba.

Ga yuraniyom da toriyom akwai injin ICP-MS mai ƙirga ƙwayoyin da nauyinsu, akwai kuma hanyar niyutiron, inda ake tura ɗan samfur da bai kai gram ɗaya ba cikin riyakta, ya fito yana fitar da gamma, a gane yuraniyom ta Np-239 toriyom kuma ta Pa-233. Wannan muna da shi a gida: riyaktar bincike ta NIRR-1 a cibiyar CERT ta Jami’ar Ahmadu Bello Zariya tana aiki tun 2004, an kuma sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa a 2018, Gana ma suna da irinta a Kwabenya kusa da Akara. Sakamakon waɗannan a ppm yake zuwa, wato kashi ɗaya cikin miliyan, in za ka juya: ppm 1 na yuraniyom Bq/kg 12.35 ne, na toriyom 4.06, kashi 1 cikin ɗari na fotashiyam kuma 313.

Yaya ake gane shekarun laka da Pb-210 da Cs-137?

Pb-210 yana saukowa daga sama kullum, daga radon da ya tashi iska ya rushe, ruwan sama ya sauko da shi ya kwanta a saman laka. Da sabuwar laka ta binne shi sai ya fara raguwa, rabi a duk shekara 22, don haka gwargwadon zurfi gwargwadon ƙarancinsa, da haka ake lissafa shekaru har wajen 100 zuwa 150 baya. Amma dole ka cire wanda radiyom ɗin cikin lakar ke haifarwa da kansa, wato sai ka auna Ra-226 a kowane yanki, jiran wata guda ya sake dawowa ke nan. Layinsa kuma 46.5 keV ne, mai rauni har ƙasar kanta tana shanye shi, sai an yi gyara a lissafi.

Cs-137 shi ba na halitta ba ne, gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama ne ya watsa shi duniya, ya kai ƙololuwa a 1963, sai kuma hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 wanda ya fi shafar Turai. Mu ma ba mu yi nisa da labarin ba, Faransa ta fara gwajinta a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961 a kan gwaje-gwajen. Yankin da Cs-137 ya fi yawa a bututun laka galibi ana ɗaukarsa a matsayin 1963. Sai dai ka duba tarihin ruwan naka tukuna: dam ɗin Tiga a 1974 aka gama shi, lakarsa ba ta nan a 1963, sisiyom ɗin da za ka gani a ciki wanda ruwa ya wanko daga gonaki ne daga baya. Kuma an haura shekara sittin, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba tunda rabinsa na ƙarewa a shekara 30.

Na samu lambobina, ta yaya zan san ko akwai haɗari?

Lissafi biyu aka fi yi. Na farko a haɗa ukun su zama lamba ɗaya: Ra a tara da Th sau 1.43 a tara da K sau 0.077, ga kayan gini ana son kar ya wuce 370 Bq/kg. Na biyu abin da iska ke ɗauke da shi mita ɗaya sama da ƙasa: Ra sau 0.462, Th sau 0.604, K sau 0.0417, a tara, amsar a nGy a awa, ma’aunin radiyeshin da iska ke sha. Gwada da lambobin tambaya ta farko, 35 da 30 da 400, na farkon zai ba ka wajen 109, na biyun wajen 51, wanda idan aka juya shi zuwa shekara ga mai zama a waje kashi ɗaya cikin biyar na lokacinsa wajen 0.06 mSv ne, mSv kuwa ma’aunin abin da jikin mutum ya sha ne, alhali abin da mutum ke samu daga halitta gaba ɗaya a shekara wajen 2.4 ne.

Wuce tsaka-tsakin duniya ba shi ne haɗari ba, rabin wurare dole su wuce shi, don Allah a daina rubuta cewa gari kaza na cikin haɗarin kansa don K-40 ya kai 500. Inda nake damuwa da gaske shi ne yashin da aka bari bayan wanke kuza a Filato, mai ɗauke da ma’adinin monazait mai toriyom, idan aka kwashe shi aka yi bulo ko yaɓen ɗakin kwana da shi, don a nan mutum zai kwana ya tashi shekara da shekaru. In ka ci karo da lambobi masu girma irin haka ka sake awo a wani lab ɗin, in sun tabbata a sanar da hukumar NNRA da ke kula da harkar a Najeriya.

Gubar dalma ta Zamfara ma radiyeshin ce?

A’a. Abin da ya kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 dalma ce ta yau da kullum da ke cikin dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje, guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa amma ba ta fitar da gamma, ko ka ɗora ƙasar a HPGe kwana bakwai ba zai nuna maka ita ba. Pb-210 da Pb-214 da muka yi ta ambata su ma dalma ne amma nauyinsu a ƙasa bai kai a ce komai ba. Idan wurin haƙar zinare ne ka raba samfur ɗinka biyu tun a gida, rabi ya tafi awon gamma, rabi ya tafi awon ƙarafa da injin XRF ko AAS, kuma lokacin daka da tankaɗe ka sa takunkumi da safar hannu, ka yi a inda iska ke fita, kar a ci abinci a ɗakin.